Wayar Da Ke Ƙasan Jakar 'Yar Baba

Shafi na 17

Masu cewa na yi shiru kwana biyu, a yi haƙuri. Ga ranar zaman iyaye.

*

Injiniya mai gyaran waya ya ɗosana a bakin kujera kamar wanda aka kira ofishin 'yan sanda.

Alhali ba wani abin tsoro a ɗakin. Shuɗin kafet ne, da 'yan gajerun kujeru, da faffaɗan tire cike da yashi a kan tebur, sai 'yan tsana da motocin roba jere a kanta. Nan 'yarsa ta fari, mai shekara goma, wadda duk layin masu gyaran waya ke kira 'Yar Baba, take shiga kowane mako ta zauna da Malama mai ba yara shawara. Yau mako na huɗu. Yarinyar ta gama nata zaman, tana baranda tare da ƙanwarta da kakarsu. Yanzu na iyaye ne.

Hannunsa na kan aljihu.

A ciki akwai wata tsohuwar ƙaramar waya. Kafin su fito daga gida ya farke ɗinkin cikin jakar yarinyar, ya kunna naɗar murya, ya cusa wayar can ƙasa. Da ta fito ya ce, "Kawo in riƙe miki," ya juya baya ya zare abarsa. Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan yau yana aljihunsa. Bai saurara ba tukuna.

"Likita, ni fa ban gane ba," in ji matarsa, tana gyara mayafi.

"Ni ba likita ba ce, Maman Auta. Malama ma ya wadatar."

"To, Malama. Wata guda ke nan cur. In ta fito na ce me kuka yi, sai ta ɗaga min kafaɗa. In duba farcenta, yashi. In dai wasan yashi ne ai ga shi can tuli a bayan gidanmu, wanda mai gidan haya ya sauke ya fasa ginin."

Malama ta yi dariya, ba ta ji haushi ba.

"Kusan kowace uwa sai ta yi min wannan maganar. Babba in abu ya dame shi, zama yake ya ba da labari. Yaro kuwa da hannunsa yake ba da nasa. Wani sai ya yi wata biyu yana jera motoci kafin ya yarda cewa ba zan kai ƙararsa ba."

"Wata biyu!"

"Wani ya fi haka. Wani bai kai ba. Ba zan yanka miki rana in yi miki ƙarya ba."

Maman Auta ta waiwayo wajen mijinta. "Baban yara, ka yi magana mana. Ka zauna kamar an dasa ka."

Ya yi gyaran murya.

"Ni dai, Malama, a wajen aikinmu in an kawo waya, buɗewa muke mu sa mita, mu ce wa mai ita ga abin da ya ƙone. To ke da kika duba, me ya... me kika gani?"

"Na ga yarinya mai hankali da ta ɗauki kaya ya fi ƙarfinta."

"Wane irin kaya?"

"Shi ne ba zan buɗe maka ba. Tun ranar farko na gaya muku, kuma a gabanta na faɗa. Abin da ta ce a ɗakin nan, nata ne. In na ga tana cikin haɗari, ko wani yana cutar da ita, ko za ta cutar da kanta, wallahi ko ta roƙe ni ba zan rufe ba, kuma ita ma ta san haka. Ban da wannan, sai abin da ta yarda in faɗa."

"Ikon Allah," in ji Maman Auta. "Ni na haife ta, ni na yi naƙudarta kwana biyu, amma sai an nemi izininta kafin in ji."

"In ta san duk abin da ta faɗa zai riga ta isa gida, me kike gani za ta faɗa min?"

Injiniya ya ƙara dafe aljihunsa.

Shi ya san kayan. Ba ya buƙatar mita.

Wata uku da suka wuce, matarsa za ta kai ɗinki, ta bar masa yaran biyu a shago. Wani ya karɓi wayarsa ya manta katin memori, Injiniya ya ce wa 'Yar Baba ta ruga ta cim masa a bakin titi. Ta ruga. Shi kuma aka kira shi, sabis ba kyau a ciki, ya fita ƙofa yana "Halo, halo." Ƙarfen solda, wanda yake narka dalma da shi, na jone da wuta a kan ɗan gajeren benci. Shi da bai taɓa taka ƙofar shago ba tare da ya zare shi ba. Auta, 'yar shekara biyu, ta miƙa hannu ta damƙe shi.

A asibiti matarsa ta shigo ba ko takalmi, ta riƙe masa riga.

"Kana ina? Kana ina har haka ta faru?"

Sai ya ji bakinsa ya ce, "Na bar ta da yayarta."

Kalma biyar. 'Yar Baba na tsaye a jikin bango, tana haki, ta ɗago ta dube shi. Ba ta ce komai ba. Uwar ta juya kanta da abin da ya fi mari zafi. Tun daga ranar yarinyar da ke cika shago da surutu, wadda ta san sunan kowane sukundireba, ta koma "e" da "a'a". Kullum da safe ciwon ciki. Makaranta sai an ja ta. Har malamar ajinsu ta kira su ta ba su lambar wannan ofishi.

Kullum yana cewa gobe zai faɗa. Goben ta yi wata uku.

"Akwai abu ɗaya da ta ce in gaya muku," in ji Malama.



"Na tambaye ta, yau zan zauna da Mama da Baba, akwai saƙo?  Sai ta ce in roƙa mata a bar ta ta riƙa ɗaukar Auta."

Maman Auta ta kama gefen mayafinta tana murzawa.

"Ni fa ba hana ta na yi ba," ta ce a hankali. "Kawai dai in na ga ta nufi yarinyar sai gabana ya faɗi. Sai in ce bari, ni zan ɗauka."

"Na sani. Ba shari'a muke yi ba. Ke ma kin ga tashin hankali."

"To me zan yi?"

"Abu kaɗan. In ta fito daga nan kada a tsare ta da tambaya. Kullum ki ware minti goma, ke da ita kawai, ta zaɓi abin da za ku yi, ko da tsintar maɓallai ne a ɗakin ɗinkinki. Kuma ku shirya, wataƙila abin ya ƙara rikicewa kafin ya lafa. Ranar da ta fara yi muku fushi ko kuka, kada ku ce aiki ya ɓaci. Sau da yawa alamar ya fara ke nan."

Ta juyo wajensa.

"Kai kuma, Injiniya, ta daina zuwa shago, ko?"

"E."

"Ka taɓa ce mata ta zo?"

"Ban... ina ganin kamar ba ta so."

"Minti arba'in da biyar nake da shi a mako. Sauran duk naku ne. Ni ba a kawo min yaro a tafi a dawo a karɓa."

Ya ce to. Ya ce na gode. Ya miƙe har yana tuntuɓe da wata motar roba.

*

Ƙarfe biyu da 'yan mintuna ya ɗaga ƙofar shagonsa. Rana ta take, layin ba mutane sosai, sai ƙarar janareton masu caji.

Gajere, maƙwabcinsa mai sayar da caja da iyafis na sauraro a kunne, ya leƙo.

"A'a! Injiniya da riga mai guga! Muƙami aka ba ka ba mu ji ba?"

"Ka ƙyale ni, Gajere."

"Mutum uku suka zo nemanka. Ɗaya ta ce in ba ka gama mata sikirin ba yau, za ta kwashe ni a madadin wayar. Na ce Hajiya ai da kin yi asara, ni ko caji ba na riƙewa."

"Ba ni iyafis ɗaya."

"Mai kyau ko wanda nake sayarwa?"

Injiniya bai yi dariya ba. Gajere ya dube shi da kyau, ya miƙa masa, ya koma shagonsa.

Ya zauna a bayan gilashin kanta. Ya ajiye ƙaramar wayar a tsakanin buɗaɗɗun wayoyin mutane. Ga fayil ɗin nan, awa ɗaya da minti ashirin. Ya soka iyafis. Ya kai yatsa ya janye. Ya sake kaiwa.

In ta faɗa wa Malama fa?

In kuma ba ta faɗa ba?

Bai san wanne ya fi tsoro ba.

"Ashe dai idona bai yi min ƙarya ba."

Ya zabura har gwiwarsa ta bugi kanta. Maman Auta ce tsaye a ƙofa, jakarta a hammata.

"Ina yaran?"

"Na sauke su wajen Kaka. Kada ka canja min magana. Na gan ka a baranda kana laluben ƙasan jakar yarinyar nan. Na ce bari dai in yi shiru a gaban mutane." Ta shigo ta nuna wayar da haɓa. "Mene ne wannan?"

"Wayar wani ce."

"Wayar wani. Wannan mai tsagaggen gilashin da ta shekara a durowarka? Baban yara, ni za ka yi wa haka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Naɗa ka yi?"

Ya kawar da kai gefe.

"Innalillahi. Naɗa ka yi! Kai? Kai da in saƙo ya shigo wayar kwastoma kake kifa ta don kada idonka ya gani? Kai da ko ni na ce ka nuna min hoton amaryar da ta kawo gyara ka ce amana ce? Amanar mutanen titi ka riƙe, ta 'yarka ka farke da reza?"

"Ki rage murya, don Allah."

"Matar nan ta gama yi mana bayani yanzu-yanzu, kana gyaɗa kai kamar na kirki, ashe abin na aljihunka!"

"Na yi kuskure. Goge shi zan yi. Kin ga, yanzu ma."

Ya kai hannu da sauri. Wani sanyi ya ratsa shi, don ga hanya ta samu. Ya goge, shi ke nan, ba wanda ya ji.

Ta dafe wayar da tafinta.

"Tsaya."

Ya ɗago.

Fushin ya bar fuskarta. Wani abu ne daban ya maye gurbinsa. Idonta ya ciko.

"Ka saurara?"

"A'a. Wallahi ban saurara ba."

Ta jawo kujerar kwastoma ta zauna, ta ajiye jaka a cinya. Ta daɗe tana kallon wayar.

"Wata uku ban ji muryar yarinyar nan ba," ta ce. "Ina nufin muryarta ta gaske. Na san ni ce. Abin da na faɗa mata a asibiti, ko kare ba a faɗa wa. Kullum in na kwanta sai ya dawo min. So nake kawai in ji ko... ko ta tsane ni."

"Ba ta tsane ki ba."

"Ya aka yi ka sani?"

"Maman yara, mu goge. Malama ta ce..."

"Yanzu ka san Malama ta ce? Kai ka ɗauko, ai sai mu sha tare. Ba ni kunne ɗaya."

"Ba daidai ba ne."

"Na sani. Ba ni."

Ta zari ɗaya ta tura ƙarƙashin ɗankwalinta. Ɗayan na lilo a tsakaninsu. Igiyar gajera ce, dole ya matso har kafaɗarsu na gugar juna. Ya sa nasa. Ita ta danna.

Ƙarar titi. Hon. Muryarsa yana ciniki da mai mota. Ya ja gaba.

Ƙofa ta rufe.

"Sannu da zuwa, 'Yar Baba. Ajiye jakar a nan. Yau me za mu yi?"

Shiru.

"Yashi? To."

Daga nan sai wani sauti, shuu, shuu, kamar ana tankaɗe. Minti biyar. Minti goma. Lokaci-lokaci Malama ta ce, "Na ga kin binne motar." Ko, "Wannan ƙaramar tana can nesa ita kaɗai." Ba ta tambayar dalili. Ba ta cewa yi magana mana.

"Wai haka suke yi?" Maman Auta ta raɗa. "Matar nan akwai haƙuri. Da ni ce da tuni na..." 

Minti ashirin da biyar.

"Anti."

Su biyun suka daskare. Siririyar murya, a dishe.

"Na'am."

"In mutum ya ƙone, fatar tana tunawa?"

"Me kike gani?"

"Auta ba ta kuka yanzu in an taɓa wajen."

"Kin lura da ita sosai ke nan."

"Ina leƙa ta in tana barci."

Maman Auta ta toshe bakinta da mayafi. Kafaɗarta na rawa a jikin tasa. Injiniya ya ƙura wa lambobin da ke tafiya a sikirin ido.  Yanzu za ta faɗa. Yanzu.

"Akwai abin da kike so ki gaya min game da ranar?" in ji Malama.

Shuu. Shuu.

"A'a."

"To. Duk ranar da kika so, ina nan."

Ya saki numfashin da bai san ya riƙe ba. Sai kuma kunya ta rufe shi, da ya gane daɗi ya ji. 'Yarsa ta haɗiye abin da ke cin ta, shi kuma ya ji daɗi.

Suka ji maganar saƙo, da roƙon a bar ta ta ɗauki Auta. Suka ji Malama ta ce lokaci ya yi.

"Zauna ki karkaɗe hannunki, bari in leƙa in ga ko su Mama sun shirya."

Takun takalmi. Ƙofa ta buɗe, ta rufe.

"Shi ke nan, ya ƙare," ya ce, ya kai hannu zai kashe.

"Bari mana."

Wani ƙugi ya cika musu kunne, kamar ana jan jakar a kan kafet. Zif ya buɗe. Sai numfashi, kusa sosai, kamar yarinyar na tsakaninsu.

"Baba."



"Baba, na san tana ciki. Tun a mota take ƙona min baya. Ai na gaya maka batirinta ya kumbura, ka ce za ka canja."

Maman Auta ta juyo a hankali ta dube shi.

Muryar ta ƙara yin ƙasa, tana sauri, irin ta mai tsoron a shigo.

"Kada ka damu, ka ji? Ban faɗa wa Anti ba. Ba zan faɗa wa Mama ba. Ko an tambaye ni zan ce ina wajen. Ka daina jin tsoro, Baba. Ni zan riƙe."

Zif ya rufe.

Ƙofa ta buɗe, muryar Malama ta ce, "Taho, ga su can."

A waje janareto na ta ruri. Gajere na yi wa wani rantsuwa a kan caja.

Maman Auta ta zare abin daga kunnenta. Ta ajiye shi a kan gilashi a hankali, kamar mai gudun ya fashe. Hawayen ya tsaya cak a fuskarta.

"Za ta ce tana wajen," ta maimaita.

Bai ɗago ba.

"Baban yara, dube ni."

Ya dube ta.

"Ranar da Auta ta ƙone, ina ka aiki 'yata?"